Jawo jama'a da masu sayayya zuwa tsakiyar gari: tambayoyi da amsoshi

Duk inda masu shaguna da jami'an hukumar gari suka zauna kan batun ƙafa ta ɗauke daga tsakiyar gari, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke fitowa, kuma kusan kullum da maganar mota ake buɗe taron. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, tare da abin da garuruwa daban-daban suka gwada, har da inda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wasu amsoshin ba za su yi wa masu shago daɗi ba, wasu kuma hukuma ce za ta ji zafinsu.

Me ke kashe ciniki a tsakiyar gari tun farko?

Yawanci ƙafar da ba ta sayayya ba ce take fara ɗaukewa. An mayar da ofisoshin hukuma sabuwar sakatariya a bayan gari, reshen banki ya rufe, asibiti ya koma bakin babbar hanya, tashar mota ta tashi. Ma'aikacin da ke fitowa da rana tsaka ya sayi abu biyu uku kafin ya koma bakin aiki ya daina zuwa, haka ma mai jinyar da ke leƙowa neman sabulu da bokiti. Ana haka sai shagon kwana ya rufe, na kusa da shi ya rage kaya, mai wucewa ya ga ƙofofi a garƙame ya ce gobe ba zai ɓata lokacinsa ba.

Sai manyan kantunan bayan gari. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minnesota ta Amurka, rukunin kantuna mai rufi guda da na'urar sanyaya wuri da makeken filin ajiye motoci. Wanda ya zana shi, Victor Gruen, mutumin Vienna ne, kuma burinsa ya kwaikwayi ƙwaryar birnin da ya taso a ciki. Daga baya shi da kansa ya nesanta kansa daga abin da irin waɗannan kantuna suka zama. Intanet ta zo ta ƙara gishiri: a Birtaniya cinikin intanet ya haura kashi ɗaya cikin uku na dukkan sayayya a farkon 2021, lokacin kullen korona, kafin ya sauko ya tsaya sama da kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da za a iya saya ko'ina ba ya fito da mutum daga gida. Abin da ya rage wa tsakiyar gari, wanda waya ba ta da shi, shi ne mutane, da damar biyan buƙata huɗu ko biyar a fita ɗaya.

Kuɗin hannunmu kaɗan ne. Da me za mu fara?

Da ƙirga. A samu mutum biyu ko uku, kowa da takarda da biro, su tsaya a wurare uku da aka zaɓa, su ƙirga masu wucewa na minti goma a kowace awa, rana ɗaya cikin mako da rana ɗaya ƙarshen mako. A rubuta har da mata nawa, yara nawa, tsofaffi nawa, domin titin da ba a ganin mata da tsofaffi a kansa yana da matsalar da maza majiya ƙarfi ba sa lura da ita. A kuma tare mutum ɗari a yi musu tambaya huɗu: daga ina, da me kuka zo, me ya kawo ku, me zai sa ku ƙara rabin awa.

Bayan haka a yi tattaki daga tashar bas har zuwa tsakiyar titin ciniki, amma tare da tsohuwa mai sanda ko uwa mai goyo da yaro a hannu. Nan za a ga murfin kwatar da ya karye, da allon tallan da ya tare hanya, da motar da aka haye da ita gefen titi har sai an sauka kwalta, da mahaɗar da ake tsayuwa minti uku ana jiran a tsallaka. Yawancin waɗannan gyaransu bai kai kuɗin biki ɗaya ba.

Idan aka bar wurin ajiye motoci kyauta, ai kwastomomi za su dawo?

Wannan ce tambayar da ta fi cin lokacin taro. Masu shago sun fi ganin mai mota saboda shi ke shigowa yana ƙorafin bai sami wuri ba, kuma su kansu da yawa da mota suke zuwa. A birnin Graz na Ostiriya, a 1991, an tambayi masu shaguna kashi nawa na kwastomominsu ke zuwa da mota, suka ce 58 cikin 100. Da aka tambayi kwastomomin, 32 ne. A Bristol ta Ingila a 2006 masu shago sun ce 41, ainihi 22. A tituna biyu na Berlin da aka yi irin wannan bincike a 2020, masu shago sun zaci kusan 22 cikin 100 ne masu mota, alhali ba su kai 7 ba, kuma kashi 91 na kuɗin da aka kashe a shagunan daga aljihun masu ƙafa da keke da bas da jirgin ƙasa ya fito. Mai mota yakan yi sayayya mai yawa a zuwa ɗaya, amma mai ƙafa ya fi shi yawan zuwa, in aka haɗa wata sai ya wuce shi.

Ga kuma abin da kyauta ke jawowa. Ƙarfe bakwai da rabi na safe mai shago ya ajiye motarsa a ƙofar shagonsa, yaronsa ya sa babur a gefe, ma'aikacin ofishin sama ya cike gurbin da ya rage. Babu wanda zai motsa sai yamma. Kwastoman da aka yi kyautar dominsa ya iso ƙarfe goma sha ɗaya, ya zagaya sau uku, ya juya.

Donald Shoup, malamin jami'a a Los Angeles da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan batu, ya ba da shawarar a sa kuɗin da zai bar kusan kashi 85 cikin 100 na gurabe a cike, wato ko yaushe akwai gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi. In layi ya cika maƙil kuɗin ya yi kaɗan, in rabinsa fayau ne ya yi yawa. Tsohuwar unguwar ciniki ta birnin Pasadena a Amurka ta sa mitocin biya a 1993, kuma abin da ya sa 'yan kasuwa suka yarda shi ne alƙawarin cewa kuɗin ba zai bar unguwar ba: da shi aka gyara gefen titi, aka sa fitilu, ake share lunguna. Wannan sharaɗin nake ganin ya fi komai muhimmanci. Kuɗin fakin da ya shige asusun hukuma ya ɓace, haraji ne kawai a idon jama'a.

Ƙaramin gari da babu bas, wanda mutanen ƙauyuka ke shigowa da abin hawa, lissafinsa daban. Can abin da ya fi dacewa shi ne rabin awa ko awa ɗaya kyauta a bakin shaguna, a kuma tsare dokar, masu wuni su koma fili na baya.

To, a hana motoci shiga gaba ɗaya ke nan?

Wani wurin ya yi, wani wurin ya kashe titin murus.

Copenhagen ta rufe babban titin cinikinta, Strøget, a watan Nuwamban 1962 a matsayin gwaji. 'Yan kasuwa sun yi ta kururuwa, ana cewa mutanen Denmak ba Italiyawa ba ne da za su zauna a waje cikin sanyi. Bayan shekara biyu aka mayar da abin na dindindin, aka ci gaba da ƙara tituna sannu a hankali. A Curitiba ta Barazil, a 1972, magajin gari Jaime Lerner ya san in ya yi jinkiri kotu za ta dakatar da shi, sai ya sa aka fara aiki ranar Juma'a da yamma, cikin awa 72 aka gama kashin farko na titin Rua XV. Da masu motoci suka shirya ratsawa ta ciki don nuna fushi, sai suka tarar an shimfiɗa dogayen takardu a ƙasa, yara suna zaune suna zane. Pontevedra a Sifen ta fara fitar da motoci daga tsakiyarta a 1999, amma ta bar wa mai sauke kaya da mai ɗaukar mara lafiya damar tsayawa na ɗan lokaci, ta kuma tanadi filayen ajiye mota a gefen gari.

A Amurka kuwa garuruwa kusan 200 suka yi irin wannan tun daga Kalamazoo a 1959, kuma mafi yawansu sun sake buɗe wa motoci. Kalamazoo ta buɗe wani sashe a 1998, Fresno ta buɗe nata a 2017. Dalilin a fili yake: mazauna sun riga sun ƙaura zuwa bayan gari, an kori mota, babu ƙafar da za ta maye gurbinta. Kigali ma da ta rufe wani titi a tsakiyar birni a 2015, 'yan kasuwar wurin sun koka da raguwar ciniki, har sai da aka dawo aka sa wuraren zama da shuke-shuke da rumfuna.

Rufe titi ba ya haifar da jama'a, waɗanda ke akwai yake ba wa sarari. Titin da mutane ke gogar kafaɗar juna a gefensa har suna sauka kwalta, shi ya cancanta. In ana shakka, a gwada da abin da za a iya kwashewa: tukwanen shuka, fenti, kujerun roba. Haka New York ta yi a dandalin Times Square a watan Mayun 2009, da kujerun shan iska masu arha, kafin ta zuba kuɗin gini. Sai dai kafin a sa shinge ko ɗaya a zauna da masu shago a tsayar da lokacin sauke kaya, a kuma san ta inda motar asibiti da ta kashe gobara za su bi.

Benci da bishiya da banɗaki, me ya haɗa su da ciniki?

Lokaci. Wanda ya yi awa biyu a gari ya fi wanda ya yi minti ashirin kashe kuɗi, kuma abin da ke katse wa mutum yawo bai wuce uku ba: ƙafa ta gaji, rana ko ruwa ya dame shi, ko fitsari ya matse shi.

Wani marubuci Ba'amurke, William Whyte, ya shafe shekaru daga 1970 yana ɗaukar dandalolin New York a kyamara don ya ga inda mutane ke zama. Abin da ya gano ya yi kama da wasa: mutane suna zama inda akwai wurin zama, kuma babu abin da ke jawo mutum kamar ganin wasu mutane. Ya lura cewa in aka ba mutum kujerar da zai iya ɗagawa, sai ya ja ta ko da taku ɗaya ne kafin ya zauna, don dai ya ji shi ya zaɓi wurin. Da aka sake buɗe lambun Bryant na New York a 1992 bayan shekarun da masu sayar da ƙwaya suka mamaye shi, an rage shingayen da ke kare ganin ciki daga titi, an ƙara ƙofofi, an zuba irin waɗannan kujeru.

Benci ya zama mai majingina da abin dafawa, don tsoho ya iya miƙewa. A sa shi yana kallon masu wucewa, ƙarƙashin inuwa, ba yana kallon bango ba.

Banɗaki kuwa ba a son ambatonsa a taro, amma shi ke yanke wa tsofaffi da masu ciki da masu ƙananan yara ko za su fito ko a'a. Garin Aalen na Jamus ya samo dabara a shekarar 2000: maimakon gina sababbi, hukuma na biyan gidajen abinci wani abu duk wata, su kuma su bar kowa ya shiga nasu ko bai sayi komai ba, an manna alama a ƙofa. Garuruwa da yawa a Jamus sun kwaikwaya.

Shagunan da ke rufe fa? Masu ginin sun ƙi rage haya.

Sau da yawa ba taurin kai kawai ba ne. Darajar gini a idon banki tana rataye da kuɗin hayar da ke rubuce, don haka mai gini kan gwammace shago ya zauna a rufe da ya sa hannu kan haya mai rahusa ta shekara biyar. In an gane haka, sai a nemo hanyar da ba ta taɓa wannan lissafin.

A Newcastle ta Ostireliya, daga 2008, wata ƙungiya mai suna Renew Newcastle ta riƙa aron shagunan da ke rufe bisa yarjejeniyar kwana 30 da ake sabuntawa. Ta ɗauki nauyin inshora, ta zuba masu zane da masu ɗinki da masu sana'ar hannu a ciki. Ranar da mai gini ya sami ɗan haya na gaske, cikin wata ɗaya an ba shi makullinsa. Ba abin da ya rasa, ga shi an share masa wuri, an daina fasa masa gilashi. Faris ta bi wata hanyar mai tsada: daga 2004 wani kamfanin birnin ya riƙa sayen shaguna a unguwannin da sana'a ɗaya ta mamaye ko suka mutu, yana ba ƙananan 'yan kasuwa haya.

Wani lokacin kuma gaskiyar ita ce shagunan sun yi wa garin yawa. Stockton-on-Tees a Ingila ta sayi wani tsohon rukunin kantuna, ta tattara 'yan hayarsa zuwa wani rukunin, ta fara rushe shi a 2022 don yin lambu har bakin kogi. Shago 60 a jere duk a buɗe sun fi 100 da ke da giɓi kamar bakin tsoho.

Bukukuwa da baje koli suna aiki?

Suna cika titi, wannan babu musu. Ko suna cika aljihun mai shago, wannan wata magana ce. An sha ganin an jera rumfunan baƙi sun juya wa shaguna baya, janareta na ruri a ƙofar mai sayar da tufafi, jama'a sun yi maƙil a tsakiya, shi kuwa ranar ko na cefane bai samu ba. A jera rumfuna a tsakiyar titi suna fuskantar shaguna, a bar hanya a tsakani, a kuma ba 'yan gida damar fito da teburinsu kyauta.

Ƙaramin abu da ake yi duk mako ya fi gagarumin biki na shekara-shekara, domin shi ke zama sabo. Bogota ta Kolombiya ta fara rufe tituna ga masu keke da masu tattaki a 1974, yanzu duk Lahadi daga bakwai na safe zuwa biyu na rana ana rufe sama da kilomita 100, ba sai an yi wa kowa shela ba. Altrincham kusa da Manchester, wadda kusan kashi 30 cikin 100 na shagunanta ke rufe a 2010, ta gyara tsohon zauren kasuwarta a 2014, ƙananan masu dafa abinci kewaye da dogayen tebura na kowa da kowa, kuma daga nan ƙafa ta fara dawowa.

'Yan tebur da masu talla suna tare hanya. A kore su?

Kora ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi saurin mayar da titi kufai. Mutumin da ya zo sayen ƙaramin abu a tebur shi ne zai ɗaga kai ya hango takalmi a shagonka. Matsalar tsari ce: ina za su tsaya, faɗin nawa za a bar wa masu tafiya, ina za su ajiye kaya da dare, wa ke kwashe shara.

A Warwick Junction da ke Durban ta Afirka ta Kudu, mahaɗar da dubban ɗaruruwan fasinjoji ke ratsawa kullum, hukumar birni ta zauna da 'yan kasuwar titi daga tsakiyar shekarun 1990, rukuni-rukuni, ta tsara wa kowa wurinsa. Masu maganin gargajiya har wata gadar sama da aka fara ba a ƙarasa ba aka gyara musu ta zama kasuwa.

Gari na mutuwa da zarar rana ta faɗi. Me za a yi?

A fara da awa biyun da ke bayan tashi daga aiki. Abin mamaki ne shaguna su rufe daidai lokacin da masu albashi suka sami sukuni. Amma shago ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Sai layi guda ya yarda da rana ɗaya a mako da kowa zai kai dare, a kuma daure wata shida kafin a yanke hukunci.

Sai haske. Fitilar da aka rataya can sama don direbobi ba ta haska fuskar mai tahowa, kuma ganin fuska ne ke kwantar da hankali. Ana son fitilu gajeru a gefen titi, masu shago kuma su bar fitilar taga a kunne maimakon jan ƙofar ƙarfe baƙa ƙirin. A wani gwaji da aka yi a rukunin gidajen gwamnati na New York a 2016, ƙarin fitilu ya rage manyan laifukan dare a waje da kusan kashi 36 cikin 100. Kuma a tabbata akwai abin hawan komawa gida. Amsterdam ta sami wakilin harkokin dare, Landan ma ta naɗa nata a 2016, aikinsu sasanta masu sana'ar dare da maƙwabta masu son barci.

Ni shago ɗaya gare ni. Me zan iya yi da kaina?

Tsallaka titi ka kalli shagonka kamar baƙo. Mai tafiya a ƙafa yana cin kusan kilomita biyar a awa, wato cikin daƙiƙa huɗu ko biyar ya wuce ƙofarka. Jan Gehl, masanin tsara birane na Denmak, ya nuna cewa titin da ke riƙe mutane shi ne mai ƙofofi 15 zuwa 20 a kowace mita 100, inda ido ke samun sabon abu kowane ɗan taku. In ka lulluɓe gilashinka da fastocin da rana ta cinye, ka zama bango.

Ka bar ƙofa a buɗe, ka rubuta farashi, domin mutane da yawa kunyar tambaya suke ji. Ka sauya kayan taga duk mako biyu. Lokacin buɗewa da ka rubuta a ƙofa ya zama gaskiya. Ka ajiye kujera ɗaya don mai rakiya, shi ne ke cewa a tashi a tafi. In an tambayi abin da ba ka da shi, ka nuna shagon maƙwabcinka, gobe shi zai turo maka. Shimfiɗar fuska kuma har yanzu ta fi ta tabarma: yaron shagon da ke latsa waya bai ɗago kai ba ya kori kwastoma fiye da tsadar kaya.

Za mu iya gasa da intanet?

A farashi da yawan kaya, da wuya. Amma a tabbata shagon yana kan taswirar Google da lokacin buɗewa daidai da lambar da ake ɗauka, a bar mutum ya tambaya ta WhatsApp ko akwai kaya, a ajiye masa ya zo ya karɓa. Wanda ya zo karɓar abu ɗaya ba kasafai yake fita da ɗaya ba. Sana'o'in da ba a aikowa a kwali, aski, gyaran waya, awon tabarau, gwada takalmin yaro, su ne ginshiƙin titi yanzu.

Baƙon da bai san gari ba fa?

Yana yanke hukunci cikin minti biyar da saukarsa. Landan ta fara kafa allunan taswira na masu ƙafa a 2007, an juya kowace taswira ta fuskanci inda mai kallo ke fuskanta, da da'ira mai nuna tafiyar minti 5 da ta minti 15. Pontevedra ta zana taswirarta kamar ta jirgin ƙasa, da mintunan tafiya tsakanin wurare. Mutum bai san mita 400 ba, amma ya san minti biyar.

Ko mu gina wani babban abin kallo da zai yi suna?

Kowa Bilbao ta Sifen yake ambata, da gidan tarihin Guggenheim da aka buɗe a 1997. Ba a cika faɗin cewa birnin ya buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1995 ba, ya kuma shafe shekaru yana tsabtace koginsa. Sheffield ta Ingila kuwa ta kashe fam miliyan 15 kan cibiyar kiɗan zamani da aka buɗe a 1999, kafin ƙarshen 2000 an rufe ta don babu masu zuwa.

Da kuɗin zai isa, na fi son a dawo da ɗakin karatu, ƙaramin asibiti, ofishin biyan kuɗin ruwa da wuta, ko wani sashen kwaleji cikin gari, a kuma gyara benayen saman shaguna mutane su zauna. Mazaunin saman shago kwastoma ne da ba ya buƙatar wurin fakin, ga shi idonsa na kan titi da dare. Hukuma kuma ta daina rusa da hannun hagu abin da take ginawa da na dama. Ingila tun 1996 ta sa doka cewa mai son gina babban kanti sai ya nuna babu wurin da ya dace a cikin gari kafin a ba shi na waje. Faransa a 2018 ta ware Yuro biliyan 5 ga matsakaitan garuruwa 222, kuma gyaran gidajen zama na cikin manyan abin da aka sa gaba.

Wa zai jagoranci aikin, wa zai biya?

In aka bar shi a karo-karon ganin dama, mutum goma za su biya, hamsin su ci moriya, shekara na zagayowa goman sun gaji. Wannan ne ya sa 'yan kasuwar Bloor West Village a Toronto suka nemi doka a 1970: in mafi rinjaye sun amince, kowa a yankin zai biya ɗan ƙari kan harajinsa, hukuma ta karɓa ta miƙa wa kwamitinsu. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. A Ingila sai an kaɗa ƙuri'a, a sami rinjaye ta yawan 'yan kasuwa da kuma ta darajar shagunansu, kuma wa'adin ba ya wuce shekara biyar sai an sake zaɓe. Tarkon da ke ciki shi ne hukuma ta janye sharar da ta saba yi ta bar wa kwamiti, don haka a rubuta tun farko abin da ke wuyanta.

Tallafin lokaci ɗaya ba ya kai ko'ina. Bayan rahoton da ƙwararriyar harkar ciniki Mary Portas ta rubuta wa gwamnati kan titunan ciniki a 2011, Birtaniya ta ba garuruwa 12 har fam 100,000 kowanne, kuma shekara guda bayan haka shagunan da suka rufe sun fi waɗanda suka buɗe a yawancinsu. Abin da ke aiki shi ne mutum ɗaya mai albashi wanda wannan ne aikinsa, ya san sunan kowane mai gini, yana da lambar mai gyaran fitila, kuma masu shago sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Yaushe za mu san abin ya fara kamawa?

A koma wuraren nan uku da aka fara ƙirga, rana iri ɗaya, awa iri ɗaya, duk wata uku, a kuma kwatanta wata da takwaransa na bara, kada a haɗa lokacin ruwa da na rani. A ƙara da ƙirga shagunan da ke rufe, da mutanen da ke zaune ko tsaye suna hira, domin mai wucewa da sauri zuwa tasha ba kwastoma ba ne tukuna. Shara da fitila da benci sukan nuna cikin watanni. Cike shaguna yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, dawo da mazauna kuwa ya fi wa'adin zaɓe ɗaya. In shago biyar ko shida za su yarda su riƙa faɗa wa mutum ɗaya amintacce ko cinikinsu ya hau ko ya sauka da kashi nawa, ba tare da bayyana ainihin kuɗin ba, wannan lissafin shi za a ajiye a kan tebur ranar da aka koma gaban hukuma neman kuɗin zagaye na biyu.